Shirun da Ya Hana Alƙaliya Sakat

Alƙaliya ake ce mata a dangi, ba don ta taɓa taka kotu ba. Ita ce babbar 'ya, duk wanda aka taka wa ƙafa lambarta zai kira. Tana kan keken ɗinki, allura a baki, take raba faɗan ƙannenta.

Da cikinta ya fara nauyi, ungozomar asibiti ta auna jininta, ta ɓata fuska. Ta sa aka shigo da mijin, wani mai aski da bakinsa ya fi almakashinsa aiki.

"Jininta ya hau," in ji ungozoma. "Damuwa in ta daɗe, ba uwa kaɗai take ci ba. Tana iya taɓa yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma a ciki. A rage mata tashin hankali."

Mai aski ya tsorata. Ya bi dangi gida gida yana kafa doka: kada wanda ya ƙara gaya mata komai. Mutanen da ba su taɓa jin maganar kowa ba, wannan karon suka ji har suka wuce gona da iri.

Waya ta yi tsit. In ta shigo falo, sai a haɗiye magana. Ƙanwarta ta zo gaisuwa, ta ɗosana a bakin kujera tana murmushi kamar za a ɗauke ta hoto.

"Kowa lafiya, Yaya."

Kowa lafiya? A wannan dangin? Ita fa ta san halin gidansu, ba a shiru sai wani na kwance rai a hannun Allah. Nan take ta ƙudurta Mama ce. Abinci ya daina shiga, ta ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai. Abin da ya fi cin ranta, ta san ba ita kaɗai ke shan wannan fargabar ba, har da na cikinta. Da ta koma awo, jinin ya ƙara hawa.

Daga asibiti ba ta nufi gida ba, sai gidan Mama. Ta tura ƙofa ta shiga. Ga Mama zaune garas tana yanke farce. Ga ƙannenta maza biyu riƙe da fanka guda, ɗaya ya kama kai, ɗaya gindi, suna zagin juna cikin raɗa.

"Wa ya rasu?" ta tambaya.

"Wa kuwa?" in ji Mama. "Mijinki ne ya ce mu rufe baki. Ni har muƙamuƙina ya yi tsami."

Alƙaliya ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye. Na ciki ma ya kai mata shuri.

"Daga yau a gaya mini komai," ta ce. "Amma na daina rabo. Ku yi faɗanku, ku shirya, sannan a kawo mini labari da zafinsa."

"To, fankar fa, Yaya?" in ji ƙaramin.

"Ban sani ba." Ba ta taɓa faɗin haka ba tun da take, kuma wallahi ta ji daɗinsa.

Barci ya dawo, jini ya sauka. Ta haifi 'ya mace, amma zuciyarta ba ta gama kwanciya ba sai ranar wani awo, bayan yarinyar ta fara zama. Ungozoma ta kaɗa makullanta a bayan kunnen yarinyar. Yarinyar ta waiga fit, ta bi su da ido hagu da dama, ta kai hannu ta cafke, aka yi aka yi ta ƙi saki.

"Wannan ba abin da ke wuce ta," in ji ungozoma. "Ki kwantar da hankalinki, Maman yarinya, kanta garau yake."

Alƙaliya ta ɗaga 'yarta sama, makullan mutane na kaɗawa a hannunta, ta fashe da kukan murna a gaban layin mata, ko kunya ba ta ji ba.