Wayar Cajin Auta

Auta ba don ni yake zuwa gidan nan ba, don wuta yake zuwa. Ban faɗa don in ɓata shi ba, yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka. Amma ni na haife shi, na san abina.

Tun da babansu ya rasu gidan ya yi mini girma. Yayyensa duk sun yi nisa, sai waya, ita ma a tsaitsaye. Shi da muke gari ɗaya sai in yi wata ban sa shi a ido ba. Sai da ya sayi motar nan mai caji, wadda ba ta shan mai, ba ta ƙara, sai dai ka juya ka gan ta a bayanka kamar kyanwa. Inda yake haya bene ne, can sama, babu wurin jonawa. Ni kuwa ina da ɗan fili a bakin ƙofa. Ya kawo mai gyaran wuta ya sa soket babba a jikin bango, ya ɗaure wayar cajin motar da kwaɗo saboda masu ɗauke-ɗauke. Baƙa ce, kauri kamar tiyon ban ruwa, da ɗan akwati a tsakiya mai fitila, ga kai kamar na famfon gidan mai.

Daga nan na samu ɗa. Bayan la'asar zai zo ya jona, ya shigo falo ya miƙe a kujerar babansa. Idonsa a kan wayar hannu, ba wata hira. Amma mota na ci, shi ma yana ci. In zuba masa shinkafa, in haɗa shayi, in zauna ina tsintar wake ina jin numfashin mutum a ɗakin. Ya ishe ni.

Ranar da abin ya faru, bai gama shayin ba aka kira shi daga wurin aiki. Ya fita da gudu, ya zare kan wayar daga jikin mota, ya yar a ƙasa kusa da kwata.

Na ce, "Kai, haka za ka bar ta?"

Ya ce, "Bar ta nan, Mama, ba abin da zai same ta. Zan dawo."

Yana fita hadari ya taso. Na kwashe shanya, na kife bokitai, na rufe taga. Na leƙo, ga waya kwance a ƙasa, yayyafi ya fara sauka a kanta. Ni dai ban yi boko ba, amma na san wuta da ruwa ba sa haɗuwa. Na kira shi, bai ɗauka ba. Na sake kira, shiru. In shigo da ita ciki, ga kwaɗo.

Na sa silifas na roba, na yi bisimilla, na kashe soket tukuna. Na ɗauko ledar burodi na zura kan wayar a ciki, na yago bakin tsohon zani na ɗaure bakin ledar tam. Sannan na rataya wayar a ƙusar da ke jikin bango, kan yana lilo a ƙasa, don kada ya taɓa laka.

Mai ɗinki, maƙwabciyata, tana janye kekenta daga bakin rumfa, ta hango ni. Ta ce, "Maman Auta, ciwon haƙori yake yi kika ɗaure masa kai?"

Na ce, "Ke dai ji da zarenki. Wannan ya fi kekenki tsada."

"To Allah ya ba shi lafiya!"

Na koma ciki raina fes, na yi abin kirki.

Ruwa ya kwana, ya wuni, ya sake kwana. Da rana ta fito sai ga Auta. Na ɗora ruwan shayi, na fito ina jiran ya yaba. Ya tsaya gaban ƙusar. Ya ɗago ledar, ta yi tim, ruwa cike har wuya, kan wayar na iyo a ciki.

Ya ce, "Mama, kifi kike kiwo?"

Ashe ruwan bin jikin wayar yake yi yana gangarowa, ƙyallen ya sha, ya riƙa ɗiga a ledar. Ƙofar shiga akwai, ta fita babu. Da hannuna na yi masa randa.

Ya kwance, ruwa ya zubo masa a takalmi. Ya girgiza kan, ya leƙa ramukan bakinsa, ya hura. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na samu abin mayarwa.

Ya ce, "Ruwan sama ba ya yi mata komai, don waje aka yi ta. Zama cikin ruwa ne ba ta so. Da kin rataya kawai, baki ƙasa, shi ke nan."

"To ka faɗa mini? Ka yar kusa da kwata ka tafi. Na kira ka ka ɗauka?"

Ya sosa kai. "Ba zan jona ba yanzu. Sai ta bushe sarai, mu gani ko ta tsira."

"In kai ta kusa da murhu?"

"Mama, don Allah kada ki kuskura. Ki bar ta ta sha iska."

"To shigo ka sha shayi."

Ya dubi agogo, ya dubi motar. Ya ce cajin saura kaɗan, gara ya kai ta wurin da ake biya kafin ta mutu masa a hanya. Ya tafi. Na shiga na kashe wutar shayin.

Na rataye ta a inuwa, baki ƙasa, babu leda. Kullum da safe bayan na idar da sallah sai in je in leƙa ramukan, kamar mai duba maras lafiya. Na kira kafinta ya kafa ƙugiya mai kyau a sama, ya buga ɗan kwano a kai kamar hula. Ya tambaye ni ko fitila za a sa, na ce yi aikinka.

La'asar ce ta fi wuya. Da motar mai ƙara ce, sai in zauna in kasa kunne ina aikina. Wannan kuwa sai da ido. Na riƙa zuwa taga ina ɗaga labule, har Mai ɗinki ta ce ko ɓarawo nake gadi. Shinkafar da nake ƙarawa a tukunya ban daina ba, hannu ya saba. Sai in juye a kwano in miƙa mata ta katanga.

Da na ga ramukan sun bushe ƙayau, na kira shi. Wannan karon ya ɗauka.

Na ce, "Abarka ta warke."

Ya ce, "Af, Mama, na manta ban gaya miki ba. Mai gidanmu ya sa mana wurin caji a gindin bene. Kin huta da ɗawainiya."

Na ce, "Alhamdulillahi. Allah ya sa albarka." Na ji muryata ta fita daidai, na gode wa Allah. Na ce, "Sai ka zo ka ɗauki kayanka, kada su lalace a hannuna."

Ya zo ran Asabar da hantsi. Ya kunna soket, ya jona a mota don gwaji. Muka tsaya mu biyu muna kallon ɗan akwatin. Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya a kore.

Ya ce, "Ta tsira."

Na ce, "Madalla."

Ya zare, ya buɗe kwaɗon, ya fara naɗe wayar a hannu. Ni na kama shara a wurin da na riga na share. Ya kai rabi sai ya ɗaga kai ya ga ƙugiyar, ya ga ɗan kwanon da ke kanta.

"Wa ya yi wannan?"

"Kafinta."

"Yaushe?"

"Kwanaki. Ba ka ce baki ƙasa ba?"

Ya tsaya da wayar a hannu. Ya dubi taga, inda labulen ya yi baƙi a gefe ɗaya saboda ɗagawa. Ban san ko ya gane ba. Can sai ya warware abin da ya naɗe, ya rataya a ƙugiyar, ya mayar da kwaɗo.

Ya ce, "Na can guda ɗaya ne, kuma mu uku ne masu irin motar. Bari in bar wannan a nan. Ran da na tarar da layi sai in zo."

Na ce, "Yadda ka gani. Akwai shayi."

Ya sha rabin kofi a tsaye, ya tafi.

Yanzu wayar na nan a rataye. In an yi ruwa ba na taɓa ta, sai dai in leƙa in ga tana ɗiga ta baki, in koma. Yakan zo jefi-jefi, ran da wani ya riga shi.

Ni ban taɓa roƙa wa kowa sharri ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Amma in na ɗaga hannu bayan sallah, na gama da marigayi, na gama da yara, sai in sa maƙwabtan Auta na benen nan. Allah ya buɗa musu, ya yalwata musu, kowa ya sayi mota mai caji.