Kada Zara Ta Ci Komai

Hamsatu ta manta rabon da ta yi barci ya ishe ta. Tun da haƙoran ƴarta Zara suka fara ciwo, ba wanda ya sake hutawa a gidan. Yarinya ba ta cika shekara uku ba, amma in ta buɗe baki sai tausayi ya kama ka: na gaba sun yi baƙi sun gutsuttsure, turame sun yi rami, dasashi ya kumbura. Aikin yaye ne. An kai ta wurin kakarta, uwar Modu mijin Hamsatu, ita kuwa tsohuwa ba ta san wani rarrashi ba sai dabino da shayi mai sukari, har a bakin barci. To, wa ya isa ya ce wa uwar miji ta bari?

Da aka ji lokotoron haƙori ya zo daga Damagaram zai yi ƴan kwanaki a likitar Gure, wato asibitin garin, Hamsatu ta goya Zara ta tafi. Lokotoro Gado ya leƙa bakin da ƙyar, bayan yarinyar ta gantsara masa cizo a yatsa.

"Hanya biyu ce, Madam," in ji shi. "Akwai maganin da za ta sha jikinta ya yi sanyi, idonta biyu amma ba ƙarfin faɗa. Da shi kaɗan-kaɗan ake aikin, sai ki yi ta bin mu Damagaram har a gama. Ko kuma mu sa ta barci gaba ɗaya, a cire na cirewa, a cike na cikewa, ta farka an ƙare."

Modu ya ji tsoron barcin nan mai nauyi. Ya ce in ba ta tashi ba fa? Amma shi yana garka a kwari wurin ban ruwa, ita ce ke kwana da kukan, don haka ya bar mata zaɓi. Ta zaɓi barcin. Ta ce wa mutane don a rage wa yarinya wahala ne, kuma gaskiya ne, amma a ranta ta san har da gajiyarta. Wallahi ba ta da ƙarfin zarya a hanyar Damagaram da yarinya mai ihu.

Aka ba su ranar ƙarshe ta zaman lokotoron. Mariyama, ma'aikaciyar da ta zo tare da shi don sa barci, ta riƙe hannun Hamsatu ta ja mata kunne. "Daga asuba kada ta ci komai. Ko kunu, ko nono. In da abinci a cikinta, tana barci zai iya tasowa ya bi hanyar numfashi. Kin ji ni ko?"

"Na ji."

Sun zo da sassafe, sai ga wata mai naƙuda an kawo ranga-ranga, aka janye Mariyama zuwa ɗakin fiɗa. Shi ke nan, jira ya kama. Hantsi ya yi, rana ta take, aka kira azahar, shiru. Zara ga ciwo ga yunwa, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Hamsatu ta goya, ta sauke, ta jijjiga, ta zagaya tsakar likita har ƙafafunta suka yi nauyi. Daga ƙarshe ta zube a tabarma ƙarƙashin rumfa, kusa da wata tsohuwa mai suna Yabawa, wadda ta zo daga Alakoss jinyar mijinta. Hamsatu ta jingina kanta da bango don ta ɗan rufe ido kawai.

Shirun ne ya tashe ta. Ta zabura. Ga Zara zaune a cinyar tsohuwa, ta kama ludayi da hannu bibbiyu, haɓarta fari fat, ga ƙwaryar fura a gefe ta yi rabi.

"Iya! Me kika yi?"

"Me na yi kuwa, ƴata?" Yabawa ta yi murmushi, tana shafa kan yarinyar. "Yunwa ce ke cin ta. Na ga kin gaji, na ce bari in bar ki ki huta. Haba, ga fura a gabana, yaro na kuka, in zuba masa ido? Dubi yadda ta yi shiru, baiwar Allah."

Kai, wannan rana! Hamsatu ta karɓe ludayin daga hannun Zara. Ta ina za ka zagi wanda ya ciyar da ɗanka? Kafin ta tattara hankalinta sai ta ji an ƙwala kira daga baranda: "Zara Modu!"

Ta ɗauki yarinyar ta miƙe. A hanya ta sa bakin mayafinta ta goge haɓar tas, ta goge wuyan riga, ta goge yatsu. Hannunta ne ya yi aikin kafin zuciyarta ta ce komai. Ta taga ta hango motar lokotoro, direba har ya fara ɗaure kaya a sama.

Mariyama na tsaye a bakin ɗaki, idanunta sun yi ja don gajiya. "Sannu da haƙuri, Maman Zara. Ku ne na ƙarshe, muna gamawa za mu kama hanya. Ba ta ci komai ba dai ko?"

Kalma ɗaya ce tsakaninta da hutu. In ta ce ba ta ci ba, sai a shiga da yarinya, kafin la'asar an gama, yau kowa ya yi barci a gidansu. Fura ce fa, ba tuwo ba. Yara nawa ke sha su kwanta su tashi lafiya lau? Tana so ta faɗa, Allah ya sani tana so, har bakinta ya motsa. Sai idonta ya sauka kan gadon aikin, da ɗan murfin robar da za a kifa wa Zara a fuska, ƙarami kamar bakin ludayi. Zara ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta yi gyatsa mai warin nono.

"Ta sha fura," in ji Hamsatu. "Yanzun nan. Barci ya sace ni."

Mariyama ta rufe ido, ta ja dogon numfashi. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga zare safar hannunta a hankali.

"To, a ba ta na shan mana," Hamsatu ta ce da sauri. "Ko haƙori ɗaya a cire, wanda ya fi damunta. Don Allah."

"Shi ma sai ciki ba komai," in ji Lokotoro Gado daga ciki. "Ki yi haƙuri, Madam. Za mu ba ki maganin rage zafi da na kumburi. Ki same mu Damagaram."

Ta karɓi maganin, ta goya Zara, ta ɗaure zane. Ba ta yi kuka ba, ko ƙarfin kukan ba ta da shi. Da ta zo wucewa ta rumfa, Yabawa ta ɗaga kai da fara'a.

"Har an gama, ƴata? Allah ya ba ta lafiya."

Hamsatu ta tsaya, ta dubi tsohuwar, ta dubi ƙwaryar.

"Amin, Iya. Na gode da fura."

Ba ta kai bakin ƙofar likita ba ta ji Zara ta motsa a bayanta, ta kai hannu kumatu, ta fara kuka.