Doguwar Motar Gidan Haskell

Doguwar mota ɗaya ce tak a garinmu, kuma ta gidan Haskell ce, masu shirya jana'iza. Baƙa ce wuluk, ƙofa shida, gilashi mai duhu. Ita ke ɗaukar dangin mamaci a bayan motar gawa, ita ke ɗaukar amare, sannan ranar Asabar ɗin ƙarshen Afrilu ita ke kai wanda ya taki sa'a wurin rawar bankwana ta 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Ran nan tun ƙarfe huɗu kowa zai kinkimo kujerarsa ya dasa a bakin titin makaranta, motoci suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, shugaban makaranta yana kiran sunaye a lasifika, ana tafi. Wanda ya sauko daga motar Haskell, zancensa za a yi ta yi har girbin masara. Shi kuwa tsoho Mista Haskell ba ya sanayya: wanda ya fara buga waya bayan sabuwar shekara, shi ke da mota.

A bana Rhonda ce ta fara bugawa. To wa kuma, in ba Rhonda ba?

Ƙanwarta Lorna a shagon gyaran gashi ta tsinci labarin, kanta cike da kumfa. Mai shagon ta ce, "Ashe Kendra 'yar yayarki ce da doguwar mota bana, ita da ƙawayenta biyar! Tessa ɗinki ma tana ciki ko?"

Lorna ta ce, "Muna dai shawara." Ƙarya take yi, ba wanda ya ce mata uffan.

Kai, ranar ta dawo gida kamar ta fashe. Shekara arba'in da huɗu tana bayan Rhonda. Rhonda ake ɗinka wa sabuwar riga, ita ta sa kwance. Shekarar da Rhonda ta gama makaranta a motar Haskell ta je, ita kuwa da tata shekarar ta zo, babansu ya sauke ta a motar da yake kai abincin kaji, tana kakkaɓe dusa daga rigarta gari yana kallo. Yau ga Rhonda da mijinta Gus, da gona, da tarakta biyu. Nata mijin, Wendell, shekara biyu ke nan da zuciyarsa ta tsaya yana tsaka da aiki a rumbun hatsi. Duk wannan bai ishi Rhonda ba, sai ta cika mota da 'ya'yan wasu ta bar 'yar ƙanwarta marainiya a waje? Kishi ne ke cin Lorna, ta kuma san kishi ne, amma ta raɗa masa suna neman haƙƙin 'yarta.

Da yamma ta tarar da Tessa a tsakar gida tana wanke tsohuwar akori-kurar babanta, wadda tsatsa ta cinye mata ƙugu.

"Ke wai da me za ki je rawar nan?"

"Da wannan mana. Ni zan tuƙa kaina."

"Wannan gwangwanin? A gaban mutanen gari?"

"Mama, ni ita nake so."

Lorna ta ce a ranta, yarinya mai haƙuri, an wulaƙanta ta tana rufa wa mutane asiri. Ba ta ƙara tambayar komai ba.

Abu ɗaya Allah ya raba musu daidai ita da Rhonda, shi ne murya. Ko uwarsu in ta ɗaga waya sai ta ce wacece a cikinku. Lorna ta kwana uku tana juya abin, a na huɗu ta kira gidan Haskell, ta yi 'yar dariyar nan ta hanci da Rhonda ke yi, ta ce, "Mista Haskell, Rhonda ce. Ka gane ai, yaran yanzu, Kendra ta canza ra'ayi. Mun fasa motar." Ta ajiye wayar. Ta wanke kofi biyu da ba su da datti, ta sake kira da sunanta na gaskiya, wai ko Allah ya sa wani ya fasa.

"Ke kam mai sa'a ce, Lorna," in ji tsohon. "Yanzun nan yayarki ta saki."

Ba ta gaya wa Tessa ba. So take yarinyar ta buɗe ƙofa kawai ta gani.

Saura mako biyu a yi rawar asiri ya tonu. Rhonda ta shigo kantin da Lorna ke aiki, ta jira masu sayayya suka ragu, ta jingina da teburin biya.

"Haskell ya ce wai ni na kira na fasa mota."

"Ayya. Ƙila mantuwa ta fara kama ki."

"Ba faɗa na zo yi ba, Lorna. Kendra ta yi kukanta ta share. Gus zai ja su a tirelar ciyawa, sun ma fara yi mata ado. Abu ɗaya na zo tambaya. Kin tambayi Tessa?"

"'Yata ce ko taki?"

"Don Allah kada ki sa yarinyar nan cikin motar nan."

Wayyo daɗi! Tun da aka haifi Lorna ba ta taɓa jin Rhonda ta ce mata don Allah ba. Ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Da zafi ko? Haka yake, za ki saba." Rhonda ta buɗe baki za ta ƙara magana, Lorna ta leƙa bayanta ta ce wa wata tsohuwa mai kwandon dankali, "Matso, Misis Ottley, wannan ta gama." Yinin nan har waƙa ta yi tana jera gwangwanaye.

Ranar rawar da safe, Tessa tana ɗakinta tana shiri, Lorna ta ɗauki makullin ajiya ta kai akori-kurar garejin bakin gari, ta ce a duba birki, kuma ba sauri, sai Litinin. Ta san 'yarta da taurin kai, gara a rufe mata hanya tun wuri.

Asabar ƙarfe huɗu saura Tessa ta sauko cikin doguwar riga shuɗiya, gashi a ɗaure, makullinta a hannu. Lorna ta tsaya tana kallonta, don goshin nan da tsayin nan duk na Wendell ne. Yarinyar ta leƙa taga.

"Mama, ina motar Baba?"

"Tana gareji. Birki."

"Birkinta lafiya lau, jiya na..."

Ba ta ƙarasa ba doguwar motar ta shawo kwana, tana sheƙi, ta tsaya daidai ƙofar gida. Maƙwabta suka firfito. Mista Haskell ya sauko cikin baƙar kwat ɗinsa, ita ke nan gare shi ko biki ko mutuwa, ya cire hula ya dafe ta a ƙirji, ya buɗe ƙofar baya ya sunkuyar da kai. Shekara hamsin haka yake buɗe ƙofa, bai iya wata buɗewar ba.

Lorna ta tafa hannu. "Taki ce, Tessa! Ke kaɗai! Bana ba Kendra ba, ke ce!"

Tessa ba ta yi ihu ba. Ta taka a hankali har bakin motar, ta sunkuya ta leƙa, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, fuskarta ta yi fari fat.

"Bai ma gyara ba," ta ce.

"Gyara me?"

Ta nuna kujerar baya, gefen dama. A cikin jerin maɓallan fatar kujerar akwai gurbin ɗaya, zare ya leƙo. Sannan ta ɗaga makullin da ke hannunta. Wani baƙin maɓalli yana reto a jikin zoben. Lorna ta gan shi ya fi sau dubu a kan teburin kicin, ba ta taɓa tambayar na mene ne ba.

"Nan na zauna, Mama. Daga coci har maƙabarta ina kallon akwatin Baba ta gilashin motar gaba. Na yi ta murɗa shi har ya tsinke a hannuna."

Lorna ta lalubi ranar a kanta ba ta samu komai ba. Likita ya ba ta ƙwaya da safen nan, abin da take iya tunawa kawai sanyin gilashi a goshinta.

"Haba Tessa, kowa a garin nan ya shiga motar nan bayan gawa. Mota ce fa kawai."

"Ke kina can gefe kina kallon taga. Anti Rhonda ce ta riƙe ni." Tessa ta damƙe maɓallin a hannunta. "Ni ta fara tambaya tun Janairu, kafin ƙawayen Kendra. Na gaya mata dalili, ta ce ta gane."

Wannan ita ce ta soki Lorna, fiye da zancen akwatin, kuma ta ji kunyar hakan a take.

"Ita kika gaya wa? Ni uwarki me ya hana ki gaya mini?"

"Ita ta tambaya, Mama."

Tessa ta juya ta shiga gida. Ta tagar kicin Lorna ta ji ta a waya: "Anti, akwai wuri?"

Ba a yi minti goma ba taraktar Gus ta iso tana ƙugi, tirela cike da damman ciyawa da balan-balan da 'yan mata suna shewa. Da Rhonda ta yi mata kallon na-gaya-miki, da Lorna ta samu abin riƙewa. Ina! Bargo ta shimfiɗa a kan dami don kada rigar Tessa ta ɓaci, ta miƙa hannu ta jawo ta sama, sannan ta ce, "Lorna, hau mana, akwai wuri." Lorna ta kau da kai. Suka tafi.

Mista Haskell ya yi gyaran murya. "Lorna, ni dai an ba ni lamba a layi, in ban je ba zan rikita musu lissafin motoci. Ki shiga ko kya gan ta tana sauka."

Ta shiga. Me za ta yi? Ta zauna a gefen dama, ita kaɗai a motar mutum takwas.

Layi ya sa su bayan tirelar. Ta cikin gilashi mai duhu ta ga duk garin a jere, ta ji lasifika ta kira sunan 'yarta da na Wendell a haɗe, tafi ya tashi har da masu miƙewa tsaye. Ta ga Gus ya sauko da Tessa. Ta ga Rhonda ta durƙusa ta gyara mata bakin riga, ta miƙe ta zare wani tsinken ciyawa daga gashinta, ta raɗa mata wani abu a kunne. Tessa ta yi dariya, irin wadda rabon Lorna da ita shekara biyu. Wata mata a bakin titi, dab da motar, ta ce wa ta kusa da ita, "Dubi Rhonda, sai ka ce ita ta haife ta."

Tirela ta matsa, layi ya zo kansu. Mutane suka miƙo wuya su ga wa zai fito.

"In buɗe?" in ji Mista Haskell.

"Wuce kawai."

Ya dube ta a madubi, ya ga tana kuka, ya ja motar. Gudu ɗaya ya sani in akwai mace tana kuka a bayansa, don haka a hankali ya bi ta gaban jama'a, taya na juyawa da ƙyar. Tafin ya mutu. Tsofaffin da ke layin gaba suka dubi juna, sai ɗaya ya cire hularsa don sabo, sauran ma suka cire. Lorna tana ciki, yatsanta a gurbin maɓallin, tana murɗa zaren.