Kwamfutar da Gambo Ya Kai Gidan Alhaji Bakari

In ana neman masu cika baki a Haɗejiya a damunar casa'in da takwas, to a fara da Gambo kafin a waiwayi kowa. Mai kula da sito ne a wani ofishin raya fadama, aikinsa tsaron buhunan irin shinkafa da injinan ban-ruwa. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse sai da izininsa kogi ke kawo ruwa.

A ofishin akwai kwamfuta guda, irin ta tafi-da-gidanka, baƙa, mai jaka. Ta shugaban wurin ce, Malam Filibus, mutumin Filato, wanda ba ya barin ko ƙuda ya sauka a kanta. Iyakar abin da Gambo ya sani game da ita shi ne bayan murfinta, don nan yake hange in ya shiga kai mukulli. Wannan bai hana shi gaya wa Sakinatu, malamar firamare da yake neman aurenta, cewa tasa ce ta kansa ba. Ya ce Filibus ma aro yake yi.

Magana ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Bakari, dillalin bandar kifi. Alhaji ya daɗe yana jan ƙafa kan ko zai ce wa Gambo ya turo magabatansa daga garinsu Malam Madori. Sai ya aiko cewa yaron ya zo ran Asabar bayan azahar, ya taho da abar, ya gani da idonsa, daga nan zai ba shi amsa.

Gambo ya ga sa'a ta zo masa har gida. Ranar Juma'a Filibus ya tafi ƙauyukan da ambaliya ta cinye wa gonaki, ya bar kwamfutar a kabad, mukullin kabad kuwa na cikin zoben mukullan sito. Ran Asabar gogan ya sha shadda mai sitati, ya rataya jakar a kafaɗa, ya ƙi hawa acaɓa don mutanen unguwa su samu damar kallo.

"Lale, lale, samari," in ji Alhaji Bakari, yana zaune a zaure tsakanin kwandunan kifi, tare da ƙaninsa Sa'idu da wasu dattawan maƙwabta. "Ita ce wannan?"

"Ita ce, Baba," in ji Gambo bayan ya durƙusa ya gaishe su. "Yanzu za ku ga aiki da cikawa."

Ya jona wayarta a bango, ya buɗe murfi, ya laluba har Allah ya ba shi maɓallin kunnawa. Ta yi ɗan kuka, gilashin ya kawo haske, aka ga hoton gajimare. Dattawa suka yi salati. Daga nan sai gilashin ya koma shuɗi, da rubutun Turanci, da wani ɗan layi rawaya a ƙasa yana rarrafe kamar ba ya so. Aka jira. Sa'idu ya yi hamma. Gambo ya ji hammar nan har cikin ƙashinsa, sai ya danne maɓallin ya kashe ta.

"Ba ta tashi da kyau ba," in ji shi. "Sai an sake mata."

Ya sake kunnawa. Gajimare, shuɗi, layi rawaya, daga farko. Ya sake kashewa. Ya sake kunnawa. Abin haushin shi ne, baiwar Allah ba abin da take nema sai a ƙyale ta ta gama duba cikinta, shi kuwa duk sanda ta kama hanya sai ya katse ta don kada a ce ya zauna zuru bai san abin yi ba. Ya danna wannan, ya danna wancan, ya haɗa uku ya danne lokaci guda yana gyaɗa kai. Gumi ya fara ɓata sitatin shaddar.

"Ko batir ne?" in ji Sa'idu. "Rediyona in ta fara wannan shashanci, shanya batir nake a rana."

"Na kusa zuwa nan, Kawu," in ji Gambo, wanda ko a mafarki bai yi tunanin haka ba.

Ya kifa ta, ya ɓamɓaro batirin da ƙyar, aka kai shi tsakar gida aka ɗora kan tabarmar da aka shanya barkono. Wani dattijo ya ce danshin damuna ne ya shige ta, a kai ta kusa da wutar banda ta sha ɗumi. Wani ya ce a ɗan bubbuge ta ta gefe. Ba shawarar da Gambo ya ƙi, sai dai kowacce ya ce da ma ita ce ta gaba a tsarinsa. Ya hura mata iska ta kowace kafa har ya ga jiri. Ya bubbuga. Alhaji Bakari kuwa goronsa kawai yake ci yana kallon yaron.

Tsoro ne fal cikin Gambo, kuma ba tsoron Filibus ba. Labulen ƙofar cikin gida yake ta satar kallo, don ya san Sakinatu na bayansa tana jin komai.

Aka dawo da batir da zafinsa, yana warin barkono. Ya mayar, ya kunna. Layi rawaya ya fara rarrafensa, yatsan Gambo ya kai kan maɓalli ke nan sai aka kira la'asar.

"Bar ta, sai mun dawo," in ji Alhaji.

A masallaci Gambo ya yi addu'ar da bai taɓa yin irinta ba, a kan abu guda: Allah ya sa abar nan ta buɗe. Aka kuwa amsa masa. Suna shigowa zaure suka tarar ta gama abinta cikin kwanciyar hankali, tunda an samu mai katse ta ya gusa. Gilashin ya cika da hoto tangaran: wata mata cikin atamfa da ɗaurin ɗankwali tana dariya, da yara uku cikin kayan anko, a gaban manyan duwatsu.

"Kun gani ko!" in ji Gambo, kafin idonsa ya gaya masa abin da yake gani.

Alhaji ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Sa'annan ya ɗago.

"Ɗana, ka ce abar nan taka ce?"

Ga ƙofa a buɗe, da ya ce aro ya yi, da an yi dariya an wuce wurin. Amma Gambo ne.

"Tawa ce, Baba."

"To wannan baiwar Allah da 'ya'yanta fa? Na ji an ce ba ka taɓa aure ba."

"Ai haka suke zuwa daga kamfani," in ji Gambo ba ko ƙifta ido. "Kamar hoton kalanda. Ba kowa ba ce."

Labule ya motsa. Sakinatu ta leƙo, ta kalli gilashin, ba ta kalle shi ba.

"Baba, Malama Ladi ce, matar Malam Filibus. Ajinta na jikin nawa. Wancan ƙaramin ma ni nake koya masa karatu."

Ta saki labulen. Sa'idu ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Gambo ya buɗe baki zai kawo wata, Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya rufe murfin kwamfutar da kansa a hankali, ya tura ta gabansa.

"Mayar wa mutum kayansa tun bai dawo ba," in ji shi. "Magabatanka kuwa, ka ce ina gaishe su. Kada su wahalar da kansu, bana ruwa ya ci hanya."

Gambo ya rataya jakar ya fito. Ya san hanyar Malam Madori sarai, ko jiya motocin haya sun yi ta kai da kawo a kanta, a bushe take ƙayau.