Wanda Ba a Taɓa Jefawa Kogi Ba

A bangon ɗakin da ƙungiyarmu take ajiye kwale-kwale akwai hotuna jere, kowanne na wani ƙaramin yaro ne a sararin sama, ƙafafu a wawware, kogi na jiransa a ƙasa. Haka muka taras: in jirgi ya ci tsere, matuƙan su kama mai riƙon akalarsu, wato yaron da ke zama a wutsiya yana juya jirgin yana ba su umarni, hannu da ƙafa, su wurga shi ruwa. Duk wanda ya taɓa zama a wutsiyar jirgi a garin nan yana da hoto a wurin, ban da Desmond.

Desmond ya fara riƙon akala tun yana ɗan mitsitsi, zamanin da ba lasifika, sai ƙahon gwangwani da ƙarfin maƙogwaro. Muryarsa kuwa har kan gada ake jin ta. Amma bai taɓa ci ba, kullum na biyu. Kafin sa'a ta waiwaye shi jiki ya buɗe, ya yi wa jirgi nauyi, aka ba wani kujerar. Yau kansa ya yi fari fat, abokinsa Clive bai daina yi masa tsiya ba.

"Sannu da zuwa, busasshe," in ji Clive duk ranar Asabar.

"Ka ji da tumbinka," in ji Desmond. Dariya yake yi, amma mun san abin yana cin sa.

Da jikarsa Nell ta cika shekara sha uku, 'yar firit, ga kunya, sai ya kai ta wurin Gwen, mai horar da 'yan mata, don ta riƙe musu akala.

"Wannan?" Gwen ta dube ta sama da ƙasa. "Baba Desmond, ko agwagwa ba za ta iya kora ba."

"Bar mini ita zuwa bazara."

Ya zaunar da ita a kujerar kicin, ya ɗaura igiya biyu a ƙafafun tebur, ya ce tebur ne jirgi, igiyoyin kuma akala.

"A hankali za ki ja, ba wuyan akuya ba ne. Matuƙan nan huɗu sun juya wa inda za su baya, ba abin da suke gani sai fuskarki. In kin tsorata, sun gani."

Da yamma yakan tsaya a wancan gaɓar, ita a wannan, ya ce ba kifi da soyayyen dankali sai ta faɗa da ƙarfi ya ji. Ta sha kwana da gunaguni. Fitarta ta farko ma cikin ciyayin bakin ruwa ta cusa jirgin, 'yan matan suka yi ta sheƙa dariya, ta koma gida da kuka.

"Kaka, wai me ya dame ka da wannan abin?"

Ya daɗe yana juya kofin shayinsa.

"So nake in ga an jefa jinina a kogin nan kafin in mutu. Iyakarta ke nan."

Ba ta ƙara cewa za ta bari ba.

Ranar tseren gari, jirgin su Nell na baya har suka wuce gada. Can sai muka ji wata murya ta tsaga kogin: "Yanzu! Ku ba ni duka, yanzu!" Muryar Nell ce. Clive ya saki baki. Jirgin ya zabura, ya shiga gaba da ɗan hanci, a haka ya ƙare.

'Yan matan suka fito suna ihu, suka kama Nell hannu da ƙafa, suka fara lilo da ita. Desmond ya matso yana rawar jiki, ya zaro tawul daga cikin rigarsa.

"Kai, ku sauke ta!" Gwen ce ta taho a guje. "Ba ku ji sanarwa ba? Ƙazanta ta yi yawa a kogin. Daga bana an hana jefa kowa."

Suka dire ta a kan ƙafafunta. Aka rataya mata lambar yabo, aka tafa. Clive ya sunkuyar da kai.

Nell ta tako har gaban kakanta. Ya warware tawul ɗin, ya lulluɓa mata a ka, ya shiga goge mata gashi.

"Kaka, ai a bushe nake."

"Na sani," in ji shi. "Tsaya dai."