Makon Da Na Riƙe Wa Yaya Shago

Ranar da aka yi wa Yaya aikin ido, likita ya kafa mata doka: mako biyu ba waya, ba talabijin, ba kuka, ba tashin hankali. Ciwon bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne shagonta na cikin wani wasan intanet da ta shafe wata takwas tana bugawa, inda take ƙera garkuwa tana sayar wa sauran 'yan wasa da zinaren wasan.

"Auta, riƙe min," ta ce, ta miƙo min wayarta, idonta na hagu liƙe da auduga. "Garkuwa arba'in ce, kowace ɗari tara. Ka leƙa safe da yamma, shi ke nan."

Ni mai aski ne, 'ya'yana biyu, amma a bakinta har gobe Auta nake. Na karɓa, na ajiye wayar gaban madubin shagona, tsakanin almakashi da kwalbar man gashi.

Kwana biyu lafiya lau. Rana ta uku wani ɗan wasa mai laƙabin Dila ya fito da irin garkuwarmu, ya rage zinare ɗaya tak. A kasuwar nan mai arha ne ke hawa saman jeri, masu saye kuwa ba sa duba na ƙasa. Na rage biyu, ya rage uku. Haka muka wuni muna ja. Da yamma na sake dubawa, sai na ga Dila ya faɗo ɗari huɗu da hamsin.

Na ce kasuwa ta karye, gara in tsira da wani abu. Na ɗebi goma na sa su ƙasa da nasa. Kafin in ajiye wayar duk an saye, har na fara murmushi. Da na duba mai sayen, Dila ne. Ya janye tasa mai arha, ya jera goman nan na Yaya a kusan ɗari tara.

Kwana biyu ina kai mata lemo da ayaba ina kauce wa zancen. Na san dararen hutunta da ranakun da ta ɓata tana tara ƙarfen garkuwoyin nan. Ga kuma dokar likita.

Ran nan na same ta a falo, an saki labule, mijinta yana ɗiga mata magani a ido.

"Auta, muryarka ta mai laifi ce," ta ce. "Me ka fasa?"

Na zauna a hannun kujera na faɗa mata komai. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara rawa.

"Don Allah Yaya kada ki yi kuka, idonki!" na ce, na miƙe tsaye.

Ashe dariya take, har tana riƙe ciki.

"Guda nawa ya sa a ɗari huɗu da hamsin ɗin?"

"Ban duba ba."

"Ɗaya ce. Kullum ɗaya yake sawa, ya koma gefe yana jiran mai tsoro. Ni ashirin da biyar ya kwashe min a watana na farko."

"A lokacin, kwana uku ba a dafa komai a gidan nan ba," in ji mijinta, yana rufe kwalbar maganin. "Ni na ci hukuncin Dila."

"Kai kuma wa ya sa da kai?" ta ce, ta juyo wajena. "Goma kawai? Wallahi ka yi ƙoƙari. In ya sake, kada ka taɓa farashinka. Saye tasa, ka ɗora a kan namu."

Sai a lokacin na ɓare ayabar da na kawo mata na cinye biyu, tana zagina da rowa.

Washegari da hantsi ina tsakiyar yi wa wani malamin makaranta aski, na leƙa wayar. Dila ya sake: ɗari huɗu. Wannan karon na duba adadin. Ɗaya. Na danna na saye, na jera ta tare da sauran a ɗari tara. Ba a jima ba saƙo ya shigo daga gare shi: "Uwar ɗaki ta dawo ke nan?"

Na rubuta masa: "Tana hutu. Ƙaninta ne."

Ya turo hoton fuska mai dariya, ya mayar da kayansa farashin kowa. Nan da nan garkuwarmu huɗu suka tafi.

"Maigida," in ji malamin, yana kallon kansa a madubi, "rabin kaina fa ka bari, kuma ina da aji ƙarfe ɗaya."

Na ba shi haƙuri, na kunna injin, na ce wannan askin kyauta ne.