Maikano da Zafi

A wata unguwa ta Dogon Dutsi, tsofaffi ba su cewa fanke, sai dai su ce "maikano". Mai sunan kuwa har ya bar duniya bai taɓa kai shi baki ba.

Zamanin aikin dole, Maikano da Sallau ne ke dafa wa kwamanda, Baturen mulkin garin, abinci. Maikano akwai baki, Sallau akwai hannu. Wata rana an kwaɓa ƙullin burodi, sai tanda ta tsage. Sallau ya ƙi a zubar, ya riƙa gutsurowa yana sakawa cikin man gyaɗa mai zafi. Abin ya fito jawur, cikinsa kamar auduga. Bature ya ci har da lashe yatsu.

Dama an ce kuku ɗaya ya isa, ɗayan zai bi gardi, wato dogarin Bature, zuwa aikin hanya. Da tafinta ya tambayi wanda ya yi suyar, Sallau yana can baya yana wankin tukwane. Maikano ya dubi ƙasa ya ce, "Ni ne."

Kafin a tafi da Sallau, ya koya wa matarsa A'i suyar, don yara su samu na ci. Damina ba ta fita ba aka kawo mata bargonsa, shi an binne shi a bakin hanya.

A'i ta kafa kasko a kasuwa. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa a ba su irin na Maikano, har sunan ya bi abin. Kowace safiya Maikano sai ya ji ana shelarsa, kunya da nadama suna cinsa, ya rame kamar mai jinya.

Ranar da ya kasa daurewa ya je ya durƙusa gefen kaskon.

"A'i, don Allah a sake mai suna. Sallau yay yi shi, ba ni ba."

Ba ta ko ɗago ba. "Na sani tun rannan. Shi da bakinai yag gaya man, yac ce in ƙyale ka, kana da tsohuwa."

"To ki riƙa kiran sunanai."

Sai a nan ta dube shi. "Sunan mijina zan ɗauka in yi shela cikin kasuwa? Yana da rai ban taɓa kama shi ba, balle yanzu. Naka ko ba ya yi man nauyi."

Ta tsame na cikin mai, ta ɗaga murya a kansa. "Ga maikano da zafi!"